Nutso a Kangon Jirgin Ruwa: Daga Jebba Zuwa Scapa Flow, da Batun Keɓaɓɓun Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi darasin fassara ya san cewa kalmomin yau da kullum ba su cika ba shi wahala ba. Inda gizo ke saƙa shi ne keɓaɓɓun kalmomi, wato kalmomin da suka shafi wata sana'a ko wani fanni na ilimi wanda Bahaushe bai taso da shi ba. A wannan maƙala na zaɓi fanni guda domin mu yi gwaji da shi, wato nutso da na'urar numfashi zuwa ga jiragen yaƙin da suka nutse a ruwan sanyi. Mai karatu zai iya tambaya, mu da ke zaune a Shango ta Minna, inda babban ruwan da muka sani bai wuce kogin Chanchaga da madatsar Tagwai ba, ina ruwanmu da jiragen yaƙin Turawa? Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, Jihar Neja tana da nata tarihin jirgin da ya nutse, kuma tarihin ya taɓa nazarin harshen Hausa kai tsaye. Ta biyu, jihar nan cike take da manyan ruwaye masu cin rayuka kusan kowace damina, kuma waɗanda ke shiga ruwa domin ceto ba da Ingilishi suke magana ba. Zan fara da tarihi, sannan in bayyana yadda aikin nutson yake, daga ƙarshe mu duba yadda za a faɗi duk wannan da Hausa.

2.0 Jirgin Dayspring a Jebba

A shekarar 1857 gwamnatin Birtaniya ta turo ayari domin ya hau kogin Kwara, ƙarƙashin jagorancin William Balfour Baikie, wanda likita ne a rundunar sojojin ruwa. Shi ne wanda ya jagoranci tafiyar jirgin Pleiad a 1854, inda ya riƙa ba mutanensa maganin kwini, har aka dawo babu wanda zazzaɓi ya kashe. Jirgin tafiya ta biyu sunansa Dayspring, ƙaramin jirgi ne mai aiki da tururi. Ba a ƙera shi domin yaƙi ba, amma aikin gwamnati ya fito, da hafsoshin sojan ruwa a cikinsa. A watan Oktoba na 1857, bayan ya wuce Raba, sai ya daki dutse a kusa da Jebba, daura da tsaunin nan da ke tsakiyar kogi wanda Turawa suka laƙaba wa suna Juju Rock. Jirgin ya lalace, amma mutanen cikinsa sun tsira. Sai suka kafa bukkoki a gaɓar kogi, suka zauna wajen shekara guda suna jiran wani jirgin, mai suna Sunbeam. Daga baya an tsamo wasu ƙarafan injin Dayspring, aka ajiye su a tashar jirgin ƙasa ta Jebba, kuma suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Abin da ya sa wannan hatsari ya shafe mu shi ne mutanen da ya tsayar a ƙasar Nupe. Akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda tun a 1841 ya hau wannan kogi tare da J. F. Schön, mutumin da ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Akwai Laftanar John Glover, wanda a 1863 ya kafa ƙaramar runduna a Legas da aka sani da Hausawan Glover, wadda rundunar sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushenta. Shi kuwa Baikie bai koma gida ba. Ya kafa zama a Lakwaja da yardar Sarkin Nupe Masaba, ya koyi Hausa, ya tattara kalmomin harsuna da dama, ya fassara wasu sassa na littafin Baibul zuwa Hausa, ya kuma ziyarci Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo a 1864 a kan hanyarsa ta komawa gida.

Gidan nasa kuwa shi ne garin Kirkwall, a tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan, inda aka haife shi a 1825. A bakin wannan gari ne ake da mashigin tekun Scapa Flow, wanda a yau yake cikin wuraren da masu nutso suka fi zuwa a duniya domin ganin jiragen yaƙin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa.

3.0 Jiragen Scapa Flow

Bayan an tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Nuwamba na 1918, an tsare jiragen yaƙin Jamus guda 74 a Scapa Flow, ana jiran abin da taron sulhu zai yanke a kansu. Kwamandansu, Ludwig von Reuter, ya ji tsoron kada a raba jiragen tsakanin abokan gaba. Saboda haka a ranar 21 ga Yuni, 1919, ya ba da umarni aka buɗe kafofin shigar ruwa na jiragen. Kafin yamma guda 52 sun nutse. Daga 1924 wani ɗan kasuwar ƙarafa mai suna Ernest Cox ya fara ɗago su, ta hanyar toshe kafofinsu da hura musu iska har su taso, wasu kamfanoni kuma suka ci gaba bayansa. Manya guda bakwai ne suka rage: König da Kronprinz Wilhelm da Markgraf, waɗanda ke kife a kan fuskarsu, sai Brummer da Cöln da Dresden da Karlsruhe, waɗanda ke kwance ta gefe. Zurfin da suke ciki ya kama daga kimanin mita 25 zuwa 45.

Akwai kuma jirgin Birtaniya mai suna Royal Oak, wanda jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbe a wannan wuri ranar 14 ga Oktoba, 1939, mutum sama da 800 suka mutu. Shi wannan doka ta ɗauke shi a matsayin maƙabarta, don haka an hana 'yan yawon buɗe ido yin nutso a kansa.

Ruwan sanyi yana da hali biyu. Yana wahalar da mai rai, yana kuma adana abin da ya nutse. Misali, jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, na katako, ya nutse a tashar Stockholm a 1628, aka ɗago shi a 1961 kusan yadda yake, bayan shekara 333. Dalili kuwa shi ne tekun Baltik yana da sanyi, gishirinsa kuma kaɗan ne, don haka tsutsar da ke cin katakon jirgi ba ta samun wurin zama a cikinsa.

4.0 Yadda Aikin Nutso Yake

Ba za a iya fassara abin da ba a fahimta ba, don haka wajibi ne mu san aikin kafin mu raɗa masa suna. Na'urar numfashi irin ta yau Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943, Jacques Cousteau da Émile Gagnan. Tukunyar ƙarfe ce da aka cusa wa iska da ƙarfi, mai nutso ya goya ta a baya, wata 'yar na'ura kuma tana rage ƙarfin iskar ta miƙa masa ita a baki daidai buƙatarsa. Abubuwa huɗu ne ke barazana ga rayuwarsa.

Na farko shi ne matsi. Duk mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Ke nan a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Saboda haka iskar da za ta ishi mutum minti 60 a saman ruwa, a mita 30 minti 15 kawai za ta yi masa. Haka kuma, idan ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ninki biyu, tana iya fasa masa huhu. Wannan ne ya sa dokar farko da ake koya wa ɗalibin nutso ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi.

Na biyu shi ne naitirojin. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin. A ƙarƙashin matsi naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso da gaggawa, sai ta fito ta zama kumfa, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan aka buɗe ta farat ɗaya. Kumfar na haddasa ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Wani masani ɗan Sikotilan, John Scott Haldane, shi ne ya fitar da jadawalin tasowa daki-daki a 1908, kuma har yau a kan wannan tunani ake tafiya. Mai nutso yakan taso a hankali, kusan mita 10 a minti, ya kuma tsaya na minti 3 a mita 5 kafin ya fito. Bugu da ƙari, daga wajen mita 30 naitirojin takan sa mutum ya ji kamar ya bugu, tunaninsa ya yi nauyi. Shi ya sa iyakar masu nutson nishaɗi ba ta wuce mita 40.

Na uku shi ne sanyi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Mu nan idan hunturu ya kama mukan ce ruwan randa yana yanka hannu, alhali ruwan Scapa Flow ko a lokacin zafinsu bai cika wuce digiri 13 ko 14 ba, da sanyi kuwa yakan sauka zuwa 6 ko 7. Yatsu sukan sandare, mutum ya kasa riƙe igiya, ya kuma riƙa shan iska da yawa. Ita kanta na'urar numfashi tana iya daskarewa, domin iska tana yin sanyi a duk lokacin da ta fito daga matsi, sai ta riƙa zubar da iska ba tsayawa. Maganin wannan shi ne riga mai hana ruwa taɓa jiki, wadda ake sa tufafi masu kauri a ƙarƙashinta.

Na huɗu shi ne jirgin kansa. Ƙarfen da ya shekara ɗari a ruwan gishiri ya ruɓe, ga kaifi, ga ragar masunta da ta maƙale. A cikin ɗakunan jirgi akwai laka mai laushi, da zarar ƙafa ta taɓa ta sai wuri ya yi duhu, mutum ya rasa ƙofar da ya shigo. Don haka masu shiga ciki sukan ja zare tun daga bakin ƙofa, su kuma kasa iskarsu kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana.

5.0 Abin da Hausa ke da Shi Tun Asali

Bahaushe ba baƙon ruwa ba ne. Akwai Sarkawa da masunta da 'yan fito, akwai sarautar Sarkin Ruwa, akwai kuma wasannin kabanci a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, inda ake gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka harshen yana da kalmomi masu rarrabe ayyukan ruwa:

iyo ko ninƙaya: tafiya a saman ruwa;
nutso ko kurme: shiga ƙarƙashin ruwa da gangan;
nutsewa: tafiya ƙasa ba da son rai ba;
kifewa: juyewar jirgi a kan fuskarsa;
tsunduma: faɗawa cikin ruwa;
ruwa ya ci shi: ya mutu a ruwa.

A nan zan ja hankalin masu sha'awar aikin jarida. Sau da yawa a labarin hatsarin kwale-kwale mukan ji an ce “masu ninƙaya suna neman gawawwaki.” Wanda ke lalube a gindin kogi nutso yake yi, don haka “masu nutso” ko “'yan nutso” ya fi dacewa.

Saiwar nuts- (wasu kan ce nits-) misali ce mai kyau ta giredin aikatau, bisa tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960:

giredi na 1: nutsa, “Ta nutsa tulu cikin kogi.”
giredi na 4: nutse, “Jirgin ya nutse.”
giredi na 5: nutsar, “Jamusawa sun nutsar da jiragensu.”
giredi na 7: nutsu, “Yaron ya nutsu.”

A lura da yadda giredi na 5 ya mayar da aikatau ƙi-karɓau ya zama mai jawo aiki. Bambancin da ke tsakanin Jebba da Scapa Flow ke nan a nahawu: a Jebba hatsari ne ya ci jirgi, a Scapa Flow kuwa nutsar da jirage aka yi. A lura kuma da giredi na 7, inda ma'ana ta tashi daga ruwa ta koma zuciya. Kamar yadda laka ke kwantawa a gindin tulu ruwa ya yi garau, haka hankali ke kwantawa a sami nutsuwa. Malaman nutso kuwa sun yi ittifaƙi cewa firgita na cikin manyan abubuwan da ke halaka mai nutso.

Ita ma kalmar jirgi abin nazari ce. Asalinta abin hawa ne na ruwa. Da Turawa suka kawo reluwe, wadda ta tashi daga Baro ta ratsa Minna ta isa Kano a 1911, sai aka ce jirgin ƙasa, daga baya aka sami jirgin sama. Wannan ya tilasta wa mai asalin sunan neman ƙarin bayani, ya koma jirgin ruwa. Jirgin yaƙi kuwa ƙamusoshi sun kawo masa ararriyar kalma, manuwa, ko da yake matasa ba su cika amfani da ita ba.

6.0 Hanyoyin Samar da Sababbin Kalmomi

Misalan da ke tafe shawarwari ne nawa, na kawo su ne domin a tattauna a aji.

6.1 Aro da kwaskwarima. Sunan na'urar a Ingilishi an haɗa shi ne daga haruffan farko na kalmomi biyar, don haka fassara shi harafi-harafi ba za ta yi ma'ana ba. Idan za a are shi, dole ya bi tsarin gaɓar Hausa, wadda ba ta yarda baƙi biyu su zo a jere a farkon kalma ba. Sai a saƙa wasali a tsakani a ce sukuba, kamar yadda aka samu sufana da sitiyari da sukudireba.

6.2 Faɗaɗa ma'ana. Gidan da aka ƙaurace wa kango ne, don haka jirgin da ya nutse aka bar shi sai mu ce kangon jirgi. Garin da aka tashi daga cikinsa kufai ne, kamar tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, wadda ruwan madatsar Kainji ya shanye a 1968. Tsayawar da mai nutso ke yi a kan hanyarsa ta tasowa kuwa, fatake sun riga sun ba mu kalma: zango. Sai a ce, “Ya ya da zango a mita 5.”

6.3 Harɗaɗɗen suna. Hausa na haɗa suna da suna ta hanyar mahaɗi, kamar gidan waya da kan sarki. Ta haka za mu sami tukunyar iska, tabaran nutso, ƙafar agwagwa ga takalmin roba mai faɗi, ɗamarar dalma ga nauyin da ake ɗaurawa a ƙugu, da abokin nutso. Akwai kuma harɗaɗɗen suna mai farawa da aikatau, kamar hana-salla da dafa-duka da fasa-ƙwauri. A kan wannan tsari rigar ruwan sanyi za ta zama hana-jiƙa.

6.4 Ɗafa-goshin ma-. Wannan ɗafi yana samar da sunan mai aiki, da na kayan aiki, da na wuri: maɗinki, mabuɗi, majema. Ma'aunin zurfi ya shiga nan ba gardama. Ga na'urar da ake sa wa a baki kuwa ana iya cewa mashaƙi, daga shaƙa. Amma akwai matsala biyu. A rubuce ba za a bambanta kayan aikin da mai aikin ba, domin karin sauti ne kaɗai ke raba su, na kayan aiki duk gaɓoɓinsa sama suke, na mai aiki kuwa gaɓar tsakiya ƙasa take. Sannan kalmar ta yi kusa da mashaƙo, wanda cuta ce. Ni dai na fi son famfon numfashi, domin duk wanda ya san famfo ya san abu ne da ke buɗewa ya rufe.

6.5 Bayyanawa. Wani lokaci gara a bayyana abu da a tsaya neman kalma guda. Cutar da kumfar naitirojin ke jawowa sai mu ce ciwon saurin tasowa, domin sunan da kansa gargaɗi ne. Buguwar da ake yi a can ƙasa kuwa mayen zurfi. Ɗakin ƙarfen da ake sa marar lafiya a mayar masa da matsi sannan a rage a hankali, ɗakin matsi.

Ma'aunin ingancin sabuwar kalma uku ne: ta bi tsarin sautin harshe, ta yi sauƙin faɗa, kuma wanda bai je makaranta ba ya gane ta ba tare da dogon bayani ba.

7.0 Me Ya Sa Wannan ke da Muhimmanci?

Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga ta Jebba a kan iyakarta da Jihar Kwara. A watan Mayu na 2021 wani jirgin fito da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kebbi ya nutse da mutane masu yawa. A watan Oktoba na 2024 wani ya kife a kusa da Gbajibo, cikin ƙaramar hukumar Mokwa, ɗauke da mahalarta Mauludi, akasarinsu mata da yara. A irin waɗannan lokuta masunta da 'yan nutson ƙauye ne ke fara shiga ruwa, da numfashinsu kaɗai. A nan akwai wani abu da ya kamata a fahimta. Mai kurme na gargajiya ya saba riƙe numfashi, kuma wannan daidai ne a gare shi, domin iskar da ya sauka da ita ce yake tasowa da ita. Amma ranar da aka goya masa tukunyar iska, wannan sabo nasa shi ne zai iya kashe shi, idan ba a yi masa bayani da harshen da yake ji ba. Ke nan jimla guda, “kada ka riƙe numfashi in kana tasowa,” tana iya zama tsakanin mutum da ajalinsa. Hausa kuwa ita ce harshen da Banufe da Bagwari da Bakambare ke haɗuwa a kai a yawancin kasuwannin bakin ruwan jihar nan.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo tarihin Dayspring a Jebba da na jiragen Scapa Flow, ta bayyana haɗurra huɗu da ke tattare da nutso a ruwan sanyi, sannan ta nuna hanyoyi biyar na samar da kalmomi: aro, faɗaɗa ma'ana, harɗantawa, ɗafi, da bayyanawa. Hausawa na cewa iya ruwa fid da kai, to iya fassara kuwa shi ne fid da wani. Ina ba 'yan'uwana ɗalibai wannan aiki: duk wanda garinsu ke bakin ruwa, idan ya je hutu ya zauna da masunta da 'yan fito, ya rubuto kalmomi ashirin na sana'arsu tare da jimlolin misali, ya kuma karanta musu kalmomin da na kawo a sashe na 6 ya ji waɗanda suka karɓa da waɗanda suka yi wa dariya. Abin da aka samo sai a kawo wa wannan mujalla domin fitowa ta gaba.